Ina so in haɗa wa shagonmu manhaja da Access: makuro zan fara koya ko VBA?

"Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina taimaka wa yayana a shagonsa na sarin kayan masarufi a Tudun Wada, Kaduna. Shekara uku ke nan muna rubuta ciniki da bashi a Excel. Yanzu fayil ɗin ya yi nauyi, sunan mutum ɗaya sai ka same shi a rubuce kala uku, kuma lissafin kayan da suka rage a sito bai taɓa zuwa daidai ba. An ba ni shawara in koyi Microsoft Access in haɗa mana manhaja mai fom da rasit. Kwamfuta uku gare mu. Da me zan fara, makuro ko VBA? Kuma wata nawa abin zai ɗauke ni?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka a fili ita ce makuro (jerin umarni da ake zaɓa ba tare da rubuta kod ba) ko VBA (harshen rubuta kod na cikin Access), amma ciwon da ka lissafa, wato suna kala uku da sito da ba ya daidaita, babu ɗaya daga cikinsu da makuro ko VBA ke warkarwa. Maganinsu yana wajen tsara tebura. Saboda haka amsar a taƙaice ita ce kada ka fara da ko ɗaya. Ka fara da tebur, ka bi da kuweri (tambayar da ke zaƙulo bayani daga tebura), sannan fom da rahoto, sai makuro na mako guda, sai VBA. Wanda ya juya wannan jerin yakan ƙare da manhaja mai madannai masu launi da lissafin ƙarya a ƙarƙashinta.

Access tsohuwar manhaja ce ta rumbun bayanai, Microsoft ta fitar da ita a 1992, kuma a kan Windows kawai take aiki. Tana zuwa cikin Office Professional da wasu tsare-tsaren Microsoft 365, ba ta cikin bugun gida da ɗalibai, don haka ka duba kwamfutarku tukuna. Abin da zai rage muku kashe kuɗi shi ne kwamfuta ɗaya ce kawai ke buƙatar cikakkiyar Access, wadda za ka yi ginin a kanta. Sauran biyun za su iya amfani da Access Runtime, wadda Microsoft ke bayarwa kyauta. Tana buɗe manhajar da ka gina, amma ba ta bari a taɓa tsarinta.

Bambancin Excel da rumbun bayanai

A Excel kowane layi yana tsaye da ƙafarsa. Duk sa'ad da mai saye ya zo sai a sake rubuta sunansa, shi ya sa yau "Alh. Sani", gobe "Alhaji Sani Kawo", jibi "Sani Kawo", kuma kwamfuta tana ɗaukar su mutum uku. Rumbun bayanai yana bin ƙa'idar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa a 1970: kowane bayani a rubuta shi sau ɗaya, a wuri ɗaya, sauran wurare su yi nuni gare shi da lamba. Mai saye yana da layi ɗaya tak a teburin masu saye, da lambarsa, a ce 47. Ko ya yi ciniki sau dubu, 47 ɗin za a riƙa rubutawa. Idan ya canza lambar waya, wuri guda za ka gyara.

Ga shago irin naku tebur shida sun isa a fara: Kaya, MasuSaye, Ciniki, LayinCiniki, ShigowarKaya, da Biya. Ka zana su a takarda da biro kafin ka buɗe kwamfuta, kuma ka zauna da yayanka ya faɗa maka yadda ciniki ke tafiya da bakinsa. Wurin da masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne raba Ciniki da LayinCiniki. Ɗauki rasit ɗaya ka duba. A samansa akwai kwanan wata, sunan mai saye da lambar rasit, waɗannan sau ɗaya suke fitowa, su ne Ciniki. A ƙasa akwai jeri: katan taliya 5, buhun sukari 2, jarkar mai 1, kowane ɗaya layi ne a LayinCiniki, ɗauke da lambar rasit ɗin da ya fito daga ciki. Idan ka tsinci kanka kana buɗe gurabe masu suna Kaya1, Kaya2, Kaya3 a tebur guda, to ka tsaya, Excel kake sake ginawa a cikin Access.

Abu uku nake so ka riƙe da kyau a nan. Na farko, farashi ya zauna a wuri biyu da gangan. A teburin Kaya akwai farashin yau, amma a LayinCiniki dole a kwafe farashin da aka sayar a ranar. In ba haka ba, ranar da sukari ya tashi ka gyara farashi, duk rasit ɗin bara zai canza, bashin mutane ya ƙaru ba tare da sun ɗauki ko ƙwaya ba. Na biyu, kada ka buɗe gurbin "saura a sito" kana ragewa da hannu ko da kod. Saura lissafi ne: jimillar abin da ya shigo a cire jimillar abin da ya fita, kuweri ne zai fitar da shi duk lokacin da aka tambaya. Bashi ma haka: jimillar ciniki a cire jimillar abin da ke teburin Biya, inda kowane biya yake da ranarsa da hanyarsa, tsaba ne ko taransifa ko POS. Na uku, ka zaɓi ma'auni ɗaya. Idan kuna sayar da katan kuma kuna fasa shi ku sayar da ɗai-ɗai, ka ajiye komai a ƙaramin ma'auni, ka sa gurbi a teburin Kaya da ke faɗin guda nawa ne a katan. Yawancin sito da ba ya daidaita, katan da guda ne suka cakuɗe.

Wajen zaɓen nau'in gurbi ma akwai ramuka. Lambar waya ka sa ta Short Text, domin idan ka sa ta Number sifilin farko zai ɓace. Kuɗi ka sa su Currency. Lambar shaidar kowane layi ta zama AutoNumber, kuma gurbin da ke nuni gare ta a wani tebur ya zama Long Integer. Kada ka sa wa gurbi suna Date ko Name, kalmomi ne da Access ta keɓe wa kanta. Sunayen Hausa sun fi ma sauƙi, RanarCiniki, SunanKaya, amma ka rubuta su ba tazara kuma ba harafi mai ƙugiya, zan faɗi dalili a gaba. In ka gama, ka shiga Relationships ka haɗa teburan, ka kunna Enforce Referential Integrity. Wannan shi ke hana a goge mai saye alhali akwai bashi a kansa.

Kuweri kuwa ka fara gina shi da linzamin kwamfuta a Design View, amma kowane lokaci ka leƙa SQL View ka ga abin da Access ta rubuta da SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Da haka za ka koyi SELECT, WHERE, JOIN da GROUP BY ba tare da ka ji nauyi ba, kuma SQL shi ne ilimin da zai bi ka ko ka bar Access. Fom ɗin rasit babban fom ne na Ciniki da ƙaramin fom na LayinCiniki a cikinsa, sunan kaya da na mai saye kuma a zaɓo su daga akwatin zaɓi, kada a bar kowa ya rubuta da hannu.

To, makuro ko VBA?

Makuro a Access ba irin na Excel ba ne da ake ɗaukar motsin hannunka. Jerin umarni ne da kake zaɓa daga cikin akwati: OpenForm, OpenReport, CloseWindow, MessageBox, da sharaɗin If. Ya wadatar ga madannin buɗe fom, buga rasit, ko makuro mai suna AutoExec da ke tashi da kansa idan an buɗe fayil. Tun daga bugun 2010 akwai kuma makuron da ke manne da tebur, wanda ke aiki ko ta wane fom aka shigar da bayani. Mako ɗaya ya isa ka san su, kuma amfaninsu na gaske shi ne su koya maka cewa komai a Access yana faruwa ne sa'ad da wani abu ya auku: an danna madanni, an gama cika gurbi, ana shirin ajiye layi. Amma da zarar sharuɗɗa sun yi yawa, makuro yakan zama igiyar da ta harɗe, ba ka iya bin sa layi-layi ka ga inda ya karkace. A nan VBA ke shigowa. Akwai ma umarnin da ke juya makuron fom zuwa VBA, hanya ce mai kyau ta ganin yadda abin da ka riga ka sani yake a rubuce.

Danna Alt da F11 zai kai ka ɗakin rubuta kod. Abu na farko, ka tabbata Option Explicit yana saman kowane shafi. Idan babu shi, ka rubuta Farashi a nan, Farshi a can, VBA ba za ta ce uffan ba, sai dai jimilla ta fito ba daidai ba. Sannan ka san aukuwa uku kafin sauran. Click na madanni. AfterUpdate, inda za ka kwafo farashin yau zuwa LayinCiniki da zarar an zaɓi kaya. Da BeforeUpdate, mai gadin ƙofa, wanda ke iya hana a ajiye layi. Ga misali:

If Nz(Me.Adadi, 0) <= 0 Then
MsgBox "Adadi ya zama sama da sifili"
Cancel = True
End If

Ka lura da Nz ɗin nan. Gurbin da ba a cika ba ba sifili ba ne a wajen Access, Null ne, wato ba a sani ba. Idan ka kwatanta Null da sifili amsar ma Null ce, sharaɗin ba zai kama ba, layi mara adadi ya wuce salin-alin. Idan ka tara 5000 da Null, Null za ka samu, shi ya sa mai sayen da bai taɓa biyan komai ba bashinsa yakan fito fanko a rahoto. Nz tana mayar da Null sifili. Kuskure mai lamba 94 daga Null ɗin da ba a tare ba yake fitowa.

Akwai kurakurai huɗu da suka fi kama mu nan gida, kuma darussan da ake yi a waje ba kasafai suke tsayawa a kansu ba. Na farko kuɗinmu. Nau'in Integer a VBA yana tsayawa ne a 32,767. Misalan da za ka gani a intanet da dala suke, ba sa kai wa nan, amma kai rasit ɗaya na buhun shinkafa zai tsallake shi, ka ga kuskure mai lamba 6, Overflow. Duk abin da ya shafi naira ka ayyana shi Currency, ƙirga kuma Long.

Na biyu sunayenmu. SQL tana amfani da alamar nan ta hamza wajen buɗe rubutu da rufe shi. Manhajarka za ta yi aiki lafiya da Musa da Garba, ranar da aka nemi Sa'adu ko Rabi'u ko Mu'azu sai ta tsaya cak da kuskure 3075, domin ta ɗauka sunan ya ƙare a "Sa". Gyaran gaggawa shi ne ka yi amfani da Replace ka ninka alamar ta zama biyu. Gyaran ƙwarai shi ne ka riƙa nema da lambar mai saye maimakon sunansa, ko ka yi amfani da kuweri mai karɓar ƙima daga waje.

Na uku kwanan wata. Mu rana muke fara rubutawa, amma SQL ɗin Access idan ta ga kwanan wata tsakanin alamomin # wata take fara karantawa, irin na Amurka, ko da Windows ɗinka an saita shi a tsarin Najeriya. Ka nemi cinikin 3/4/2025 da nufin 3 ga Afrilu, ta kawo maka na 4 ga Maris. Abin da ke sa wannan ya yi wuyar ganewa shi ne 25/4/2025 tana fitowa daidai, tunda babu wata na 25 sai ta juya da kanta. Wato daga 1 zuwa 12 ga wata rahoto yana ƙarya, daga 13 zuwa ƙarshe yana gaskiya, ban da ranar da lambar rana da ta wata suka zo ɗaya. Duk sa'ad da za ka saka kwanan wata cikin SQL ta hanyar kod, ka juya shi da Format zuwa shekara, wata, rana, kamar 2025-04-03.

Na huɗu haruffanmu masu ƙugiya. Tebura da fom na Access suna ɗaukar ƙ, ɗ da ɓ ba matsala, amma ɗakin rubuta VBA ba ya gane su, yakan mayar da su alamar tambaya, haka ma akwatin MsgBox. Shi ya sa na ce kada su shiga sunan tebur ko gurbi. Idan kana so saƙonninka su fito da Hausa mai kyau, ka ajiye su a wani ƙaramin tebur ka nuna su a fom ɗin da ka ƙera da kanka. Cikin kod kuma ChrW ke samar da su: 409 shi ne ƙ, 599 ɗ, 595 ɓ.

Ka koyi neman kuskure tun da wuri, domin rabin aikin ke nan. F9 yana dasa wurin tsayawa a layi, F8 yana tafiya da kai layi ɗaya bayan ɗaya, Ctrl da G yana buɗe tagar da za ka tambayi ƙimar kowane abu. Idan SQL ɗin da kod ya haɗa ya ƙi aiki, ka fitar da shi da Debug.Print ka manna a sabon kuweri, nan take za ka ga inda ya karye. Kowane aiki da ke taɓa bayanai ka sa masa On Error GoTo, musamman saboda Runtime, inda kuskuren da ba a tare ba yake rufe manhajar gaba ɗaya a gaban mai saye. Idan kuma za ka goge ko ka canza layuka da CurrentDb.Execute, ka haɗa da dbFailOnError, in ba haka ba aikin zai iya faɗuwa shiru ba ka sani ba.

Kwamfuta uku da wutar da ake ɗaukewa

Kada mutum uku su buɗe fayil ɗaya. Ka raba shi biyu da Database Splitter: ɓangaren baya mai tebura kawai, ya zauna a folda ɗaya da aka buɗe wa sauran a kwamfutar da ta fi lafiya, ɓangaren gaba mai fom, rahoto da kod, kowace kwamfuta da nata kwafin. Da haka za ka iya gyara fom a gida ka kawo sabo ba ka taɓa bayanan ciniki ba.

Abin da ke lalata fayil ɗin Access shi ne a katse shi yana tsakiyar rubutu. Saboda haka ka haɗa kwamfutocin da wayar netwok da ƙaramin suwic, ba Wi-Fi ba, ba kuma intanet ɗin wayar hannu ba. Kwamfutar da ke riƙe da tebura ta samu UPS, suwic ɗin ma a jona shi a kai, domin 'yan daƙiƙun nan tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta sun isa su yi ɓarna. In laftof ce mai batir mai kyau, ta fi. Kada ka ajiye ɓangaren baya a foldar da OneDrive ko Google Drive ke kwafewa kai tsaye alhali ana aiki da shi. Kowace yamma bayan an rufe, ka duba ƙaramin fayil mai ƙarshen laccdb ya ɓace, alamar kowa ya fita ke nan, sannan ka kwafi ɓangaren baya zuwa filas da kwanan wata a sunansa, filas ɗin kuma ya kwana a gida, ba a shago ba. Sau ɗaya a mako ka yi Compact and Repair, bayan kwafi, ba kafinsa ba. Wata-wata ka buɗe ɗaya daga cikin kwafin ka tabbata yana buɗuwa.

Ƙananan abubuwa biyu da ke cinye wa mutum yini: idan ka ga kod ya ƙi motsi sam a wata kwamfutar, ka sa foldar cikin Trusted Locations, kuma fayil ɗin da aka sauko da shi ta intanet Windows kan yi masa tambari ya toshe kod ɗinsa sai an cire a Properties. Sannan idan ka mayar da ɓangaren gaba ACCDE don a kulle kod, wanda aka yi a Office mai 64-bit ba ya buɗuwa a mai 32-bit. Ka sa duk kwamfutocin su zama iri ɗaya, kuma ka adana asalin fayil ɗin, wato ACCDB, domin ACCDE ba ya komawa baya.

Inda Access ta tsaya

Fayil ɗaya ba ya wuce 2GB. Rubutu da lambobi na shago ɗaya za su daɗe ba su kai nan ba, hotuna ne ke cika shi, don haka ka bar su a folda ka rubuta hanyarsu kawai. A takarda tana ɗaukar mutum 255 lokaci guda, amma a aikace ni ba na ba da shawarar a wuce goma zuwa sha biyar. Ba ta aiki a waya, kuma idan yayanka ya buɗe reshe a Kawo ko Zariya, ba a jona Access da Access ta intanet. Tsaronta ma ka san iyakarsa: fom ɗin shiga da kalmar sirri da za ka ƙera labule ne, ba ƙofa ba, duk wanda ya kai ga ɓangaren baya zai iya kwafe shi. Ka sa masa kalmar sirri ta Encrypt with Password, tunda sunaye, lambobin waya da bashin mutane amana ne, kuma akwai dokar kare bayanai ta ƙasa ta 2023. Ranar da kuka girma, teburan za su iya ƙaura zuwa SQL Server Express, wani rumbun bayanai na Microsoft, kyauta ne, bugun 2022 yana ɗaukar 10GB, fom ɗinka na Access su ci gaba da aiki a kansa da 'yan gyare-gyare. Wanda ba shi da lasisin Office zai iya gwada LibreOffice Base, ko Python da SQLite, sai dai a Python rasit da fom ɗin da Access ke ba ka cikin awa guda za su ci maka kwanaki.

Batun lokaci, idan kana ba shi awa ɗaya kullum ka ƙiyasta wata uku kafin ka sami abin da za a dogara da shi: mako uku a tebura, uku a kuweri, biyu a fom da rahoto, ɗaya a makuro, saura VBA. Wannan ƙiyasi ne, jarrabawar makaranta ko hidimar shago za su iya ja shi. Ka buɗe samfurin Northwind da ke zuwa da Access ka warware shi ka ga yadda aka haɗa, domin shi ma na kamfanin sayar da kayan abinci ne.

Tsohon fayil ɗinku na Excel kada ka kwaso shi duka. Ka shigo da jerin kaya da na masu saye kawai ta External Data, ka tace maimaici da Find Duplicates Query Wizard, yayanka yana gefe yana faɗa maka wane Sani ne wane. Sai ku zaɓi rana ɗaya, ku ƙirga sito da hannu, ku shigar da shi a ShigowarKaya a matsayin buɗewa, bashin kowa ma a shigar da jimillarsa ta ranar. Wata guda cur ku ci gaba da rubuta Excel tare da sabuwar manhajar, kowace yamma a kwatanta kuɗin aljihun tebur da rahoton rana. Sai sun zo daidai mako biyu a jere za ku ajiye tsohon.